Bokan Arzika da Surukar Sarkin Ɓarayi

Rubuta, Hindu, kuma kar ki gyara mini magana. Labarin Arzika na Aliero ne. In wani yac ce ya yi kama da kakanki, ki ce mutane suna kama da juna.

Arzika sai da yag gwada sana'a biyu kahin ya samu wadda tak karɓe shi. Ya shiga kokowa a Maiyama, anka kada shi tun makaɗi bai gama kirarinai ba. Ya bi mota kwandasta, shi ka hwara amai kahin matahiya. Sai yad dawo ga albasa, sana'ar ubanai, yak koma Jega da zama, yay yi aure. A nan kam ya iya abu guda: cika buhu. Manya bisa, ƙanana ƙasa, mai saye ya duba ya ce ma sha Allahu.

Shekara biyu da yanke jihar Kabi daga Sakkwato anka kawo wani malamin lissahi, Zacchaeus, mutanen gari suna ce mai Malam Zaka. Shi yaz zo da wani wasa. Bayan La'asar sai ya aje tebur ƙarƙashin dogon yaro, bakin kasuwa, ya buɗe littahi, ya kama labarin wata ƙasa mai dodanni da ɓarayi. Kowa shina da mutum nai cikin labarin. Ka hwaɗi abin da mutumin naka za shi yi, ka jehwa ƙwayar ludo, ita ka cewa ya yiwu ko bai yiwu ba. Ba caca ba ce, liman da kainai ya zo ya duba ya tahi.

Bencin mutum ukku shi ka ɗauka. Attahiru direba shi ne jarumi mai takobi, Sa'idu tela maharbi. Arzika ya zo ƙarshe, yas samu abin da yar rage: boka wanda bai iya komi ba sai ruhwa-ido. Ya nuna abin da babu, a gani, a ji muryatai, amma ba a taɓa shi, ba shi da wari. Doka kuwa guda ce: in mutuminka ya mutu, ko anka kira ka sau ukku ba ka amsa ba, ka tashi wani ya zauna. Ga Maccido mahauci tsaye kullum bayan Arzika, shina jira. Arzika kuwa tun da anka haihe shi bai taɓa zama wurin da wani ka kwaɗayi ba. Ya hi son bencin nan da tuwon gidanai.

Hwarkon ruhwa-idonai zaki yak kira. Malam Zaka yac ce, "Kwatanta shi." Arzika bai taɓa ganin zaki ba, sai yab ba shi ƙaho da wutsiyar tunkiya. Anka yi dariya har Sa'idu yaz zamo daga benci. Na biyu yat tara ma dodo tulin albasa, don ya tsaya ci. Malam Zaka yac ce, "Dodo ya shinshina, bai ji komi ba." Mutumin Aliero ya manta albasa tana da wari! Wata guda ana ce mai Boka-ba-hanci.

Daga nan yag gane abin da ya daɗe da sani wurin buhu: mutum ba abin mamaki ka cin shi ba, abin da yas saba gani ne. Sai yak kahwa teburin masu haraji tsakiyar hanya, mayaƙa arba'in sunka juya. Yaj jera akussan tuwon suna ƙohwar gidan dodo, masu gadi sunka tahi wankin hannu. Maccido yash shiga tsaki.

Ran wata kasuwa abin yaƙ ƙwace. Cikin labari, sarkin ɓarayi ya rutsa su bakin gulbi. Takobin Attahiru ya karye, kibau sun ƙare ma Sa'idu, boka ne gaba. Maccido ya riga ya cire hula shina kakkaɓe gehen benci.

"Matsa, Boka-ba-hanci, ƙahwahuna sun gaji."

Arzika yay yi gumi, yac ce, "Malam, shi sarkin ɓarayin nan shina da aure?"

Malam Zaka yad duba littahi. "A ce shina da."

"To uwar matatai nik kira. Ga ta nan tsaye gabanai."

"Tsohuwa? Ai ture ta za shi yi ya wuce."

Wurin yar rikice. Attahiru yac ce, "Ya ture wa? Malam, kai baƙo ne. Ko ɓarawo, in yag ga surukatai, takalmi za shi cirewa ya nemi lungu!"

Malam Zaka yac ce bai yarda ba sai ya gani. "Kwatanta ta."

To, tsohuwa guda ce cikin kan Arzika: Inna Gudiya mai daddawa, mutumiyar Kimba, uwar matatai Balaraba. Shekara goma sha ɗaya bai dubi huskatta ba, amma kunne ba ya da kunya, ya haddace ta tsab. Sai yad duƙa, yad dahe ƙugu, yay yi tarin nan nata mai hawa biyu, yas saki murya ta hanci: "Uhm. Ashe haka anka koya muku gaisuwa a gidanku?"

Sa'idu bai san sa'ad da yaz zare takalmi ba. Attahiru yas sadda kai ƙasa. Malam Zaka yad dube su, yam miƙa ƙwaya. "Ukku ko hiye."

Biyar tah hito. Sarkin ɓarayi yay yar da mashi, yah hwaɗa gulbi da rigatai. Anka ɗaga hannun Arzika sama, abin da kokowa ba ta taɓa yi mai ba. Don daɗi yaƙ ƙara yin tarin sau biyu, ba wanda yar roƙe shi. Bai lura ba matan Kimba suna ɗaure kayansu nan kusa, sun kuwa san mai tarin.

Wanshekare bayan La'asar an zauna, Malam Zaka ya buɗe littahi, sai anka ji tari mai hawa biyu. Attahiru yac ce, "Bari mana, Arzika, ba a zo kanka ba."

Arzika yac ce, "Ba ni ne ba."

Inna Gudiya ce, da sandatta, tun daga Kimba a ƙasa.

"An ce ka iya ni," tac ce. "Yi in ji."

Arzika bai tsaya neman takalmi ba. Yak ketare tebur, yab bi ta rumhwar masu barkono, yash shige bayan buhunan albasa yal lahe. Daga can shina jin komi. Inna ta samu kujera ta zauna, ta ce ba ta sauri.

"Boka, kai ne da ƙwaya," in ji Malam Zaka.

Arzika yaƙ ƙara lahewa.

"Boka!"

Arzika yal leƙa tsakanin buhu biyu. Taku goma ne tsakaninai da bencin, Inna kuwa tana tsakiya, tana ɓare goro.

"Boka, na ukku ke nan."

Bencin yay yi ƙara, Maccido ya zauna. Inna Gudiya tad dube shi tac ce, "Kai kuma mi ka iya?"

"Yanka kawai, Inna."

"Madalla. Zauna da kyau."

Shekara huɗu anka ƙara ana wasan kahin a mai da Malam Zaka garinsu. Arzika bai hwasa zuwa ko ran guda ba. A tsaye yay yi su duka, bayan Maccido, shina ba da shawarar da ba mai ɗauka.