Matar da Ke Tambayar Abin da Ka Ci

Kafin ƙarfe takwas ta buɗe tagar ɗakin magani, ta goge teburinta, ta rataya tabarau a wuya. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana haka a ƙaramin asibitin unguwarmu, ƙarshen watan nan kuma za ta ajiye aiki. Anti Tambaya ake ce mata, don ba ta miƙa maka ƙwaya sai ta ji me kake ci, me kake sha. Masu bin layi kan yi gunaguni. Ni ma na sha yi.

Mahaifina yana shan sitatin, maganin rage kitsen jini. Bara wani abokinsa ya gaya masa yogot da abinci masu tsami suna gyara ciki, har kitse suna ragewa. Baba ya ɗauki maganar da zafi. Ya sayo wani garin jar shinkafa da aka tsima, yana barbaɗawa a yogot ɗinsa na safe, bai gaya wa kowa ba. Cikin wata biyu cinyoyinsa suka riƙe, sujada ta gagare shi. Mu muka ce tsufa ne.

Ranar da na raka shi karɓar magani, Anti Tambaya ta lura da yadda ya dafa bango kafin ya zauna. Ta baro taga, ta zauna kusa da shi, ta yi ta jansa da hira har ya zaro gwangwanin garin daga aljihu. Sau biyu ta karanta rubutun jikinsa.

"Baba, yogot ɗinka ba shi da laifi, ci gaba da sha. Amma garin nan akwai ɗan'uwan maganinka a ciki. Ninki kake sha ba ka sani ba."

Baba ya ce shi fa ya zaci abinci ne. Da kanta ta kai shi wurin likita, aka gwada jini, aka hana shi garin. Likitan ya ce da an ƙara jinkiri, ƙoda ce za ta ji jiki. Yau Baba da ƙafarsa yake zuwa kasuwa, har yana cewa mu ne ba mu da sauri.

Anti, ke ce wadda tsawon layi bai taɓa sa ta manta da mutum ba. Mai sharar asibitin ta ce min kin sha barin abincinki ya huce kina yi wa tsofaffi bayani. Mun gode, Anti. Allah ya ba ki hutu cikin lafiya.

Ku da za ku gaji kujerarta, ku gaji halinta. Minti biyun da za ku ɓata kuna tambaya, wataƙila ƙodar uban wani ce.