Tsakanin Sunkuyo da Durƙuso

Kawuna, yayan Inna, mutumin Ƙwanni ne, ni kuwa a Illela aka yanke mini cibi. Tsakanin ƙofar gidansa da tamu ba wata tafiya ba ce, don in Inna ta aika masa da dambu a kan babur da ɗuminsa yake isa. Amma a takarda shi ɗan Nijar ne, ni ɗan Najeriya, kuma Kawu bai taɓa bari na manta da haka ba. Yakan ce mu Allah ya ba mu yawa ya ba mu baki, ƙarfi kuwa ya ajiye shi a hayin iyaka. Ni kuma in ce masa ai ranar kasuwar Illela ko akuya ba ta zama a Ƙwanni, kowa ya taho cin arzikinmu. Sai ya yi dariya ya ce in rage surutu, shi da ya ɗauke ni da hannu ɗaya ranar sunana.

Tsohon ɗan kokawa ne. Ban riski zamaninsa a fage ba, amma na riski wuyansa, wanda har ya tsufa ba a samun rigar kanti da maɓallinta na sama zai rufu a kai. Da girma ya kama shi sai yanar ido ta soma rufe masa gani, a hankali a hankali, har ya zama ba ya bambance mutum da turmi sai an yi magana. Daga nan ya koma wa rediyo. Kullum da hantsi ana kai shi majalisarsu ta tsofaffi a gindin wani dogon yaro, rediyon tana kan cinyarsa.

Ni malamin firamare ne, shi ya sa yake kirana Mushe, yadda suke kiran malaman boko a can. Wata shekara sai na samu ɗan aiki na gefe. Wani gidan rediyo a Sakkwato ya ɗauke ni wakili, in riƙa ba da labarin wasannin yankinmu ta waya: ƙwallon unguwa, dambe, kokawar kaka a Araba ko Gidan Katta. Minti uku ake ba ni, wani lokaci ma biyu. Amma a wurin Kawu sai ka ce sarauta aka naɗa ni. Mutumin da tun tasowarsa tashar ƙasarsu kaɗai yake ji, sai ga shi ya sa an nemo masa tamu, aka ɗiga masa ƙaro a jikin abin murɗawa don ya riƙa lalubo wurin da yatsa. In muryata ta fito, majalisa kowa ya yi shiru, yana so ko ba ya so. In gardama ta tashi a kan wani wasa, magana ɗaya gare shi: "Ɗana ya hwaɗi." Shi ke nan an rufe zancen. Ana kawo mini labarin nan ina jin daɗi, kaina yana ƙara girma.

Bayan girbi, wata kaka, matasan garuruwan biyu suka shirya kokawar zumunci a wani fili bayan gari. Zumuncin dai a baki ne, don tun azahar makaɗan kowane ɓangare suke yi wa ɗayan habaici. An faɗi sharaɗi da lasifika a gaban kowa: wanda gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kada shi, daidai da wanda bayansa ya taɓa. Alƙalan wasa biyu ne, namu da nasu, suna karɓa-karɓa. Karon ƙarshe ya faɗo hannun nasu, wani mutum mai sanyin magana da na sani sarai, domin a hannun Kawu ya koyi kokawa. Baba yake ce masa, kuma Juma'a ba ta wucewa bai je gaishe shi ba. Kawu bai zo kallon ba. Ya ce ba zai sha rana don ya ji ihu ba, tunda Mushe yana can.

Ina zaune a bakin fage, a kan buhun yashi, wurin da ake ajiye wa irinmu. Namu gajere ne mai faɗin ƙirji daga wajen Lafani, nasu kuma dogo, mai dogayen hannuwa. Suka daɗe suna zagaya juna, wannan ya kai hannu wancan ya doke, har mutane suka fara gajiya. Can sai namu ya nutsa ƙasa don ya kamo ƙafa. Gwiwarsa ta dama ta sauka a kan rairayi. Ba ta daɗe ba, ƙiftawar ido ce, amma ta sauka, kuma tsakanina da ita bai fi taku biyar ba. Usur ya tashi. Shi kuwa bai ji ba, ko ya ji ya ƙi, ya miƙe da dogon nan a kafaɗa, ya juya da shi sau ɗaya, ya maka shi da ƙasa. Tun da nake kallon kokawa ban ga kaye mai kyan wannan ba. Mutanenmu suka ɓarke da ihu, huluna suna tashi sama. Alƙali ya ratso, ya tayar da wanda ke kwance, ya ɗaga hannunsa.

Fili ya rikice. Da aka janye namu ana ba shi baki, ta gabana aka wuce da shi, na ga rairayi manne a gwiwarsa kafin ya sa hannu ya kakkaɓe.

A cikin hayaniyar nan wayata ta yi ƙara. Mai gabatar da shirin ne daga Sakkwato, kuma kai tsaye muke. Kafin in buɗe baki ya ce, "Malam, mun ji an yi mana fashi da rana tsaka a Illela, ba mu labari." Na ɗaga kai na ga an kewaye ni. Ga iyayen ɗalibaina, ga maƙwabtana, ga mahaucin da nake sayen nama wurinsa, kowa ya zuba mini ido. Sai na ce ɗan wasanmu ya sunkuya ya kamo ƙafa, ya ɗaga, ya kayar, alƙalin wasa kuma, wanda ɗan ƙasarsu ne, ya ba wanda aka kayar. Ban ƙara komai ba. A lokacin na gaya wa kaina ban yi ƙarya ba, ai duk wanda ya durƙusa sai da ya sunkuya tukuna. Haka mutum yake yi wa kansa fatawa in yana son a tafa masa, aka kuwa tafa mini.

Mako guda ba a yi wata magana ba sai ita. Tasharmu ta buɗe layi, masu kira suna ta tsine wa alƙalancin son kai, har da waɗanda ba su taɓa taka Illela ba. Na murɗa tasu don in ji. Su kuma cewa suke gwaninsu ya durƙusar da namu da ƙarfin damtse, alhali bawan Allah yana tsaye ne kawai yana kare ƙafarsa. Kayen kuwa ko sau ɗaya ba su ambace shi ba, kamar ba a yi ba. Hotunan waya ma haka. Wanda ke yawo a wajenmu an ɗauke shi ne daga bayan alƙali, rigarsa ta rufe gwiwar. Nasu kuma daidai kan usur yake ƙarewa. Na ji haushin tasharsu ƙwarai, har ina cewa a ɗakin malamai ku ji marasa kunya. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na wasu.

Ranar kasuwa aka kawo Kawu gidanmu kamar yadda aka saba. Ya zauna a zaure, Inna ta dama masa fura, na zauna gefensa. Fuskarsa a sake, irin ta wanda ya yi abin kirki yana jiran a tambaye shi.

Ya ce, "Mushe, ka san abin da kaj jawo min? Kwana shida ke nan ni ɗai na ga majalisa, awa baƙo."

Na ce, "Lahiya, Kawu?"

"Duk sun ce yaronku durƙusawa yay yi. Nac ce ɗana na bakin hwage, ya ce sunkuyo, to sunkuyo na. Mutumin da ka salla sau biyar bai san ruku'u da sujada ba? Sunka ce na sai da ƙasata don ɗan ƙanwa. Nac ce ƙasa daban, gaskiya daban."

Inna ta yi dariya daga bakin ƙofa ta ce, "Yaya, yau kai ka goyon bayan 'yan naira?"

Ya ce, "Ba don halinsu ba." Ya kurɓi fura, sannan ya ci gaba. "Shi ko wancan alƙalin, da yaz zo gaishe ni ran Juma'a, ban amsa mai ba. Gaban mutane nac ce ya tashi ya ba ni wuri, ni ban koya ma kowa cin amana ba. Yat tsaya shina ta rantsuwa. Nac ce in tsakanin rantsuwarka da maganar ɗana na, to na zaɓa."

Kunya ta rufe ni, da tsoro. Tsohon nan ya ɓata da garinsu, ya kori mutumin da ya rena da hannunsa, duk a kan kalma ɗaya da na zaɓa don mahauci ya ji daɗi. Kuma na san in na yi shiru ba mai kama ni. Ba zai taɓa ganin hoton waya ba, in ma an kwatanta masa ba zai yarda ba. Na daɗe ina kallon tabarma, ina jin son yin shirun har cikin raina.

Na ce, "Kawu, yaronmu gwiwatai ta taɓa."

"Mi?"

"Ta taɓa ƙasa. Na gani, hal rairayin na gani."

Ya ajiye ludayin a cikin ƙwarya. Inna ta juya ta koma cikin gida. Bai yi faɗa ba, da ya yi da na fi samun sauƙi. Can ya ce, "Ta dama ko ta hagu?"

"Ta dama."

"Kahin usur ko bayan usur?"

"Kahin."

Ya gyaɗa kai a hankali. "To yaron nan nawa ya yi alƙalanci daidai ke nan. Ashe ban yi wahalar banza ba." Sannan ya juyo da fuskarsa wajena. "Kayen hwa? Namu sun ce ba wani kaye da anka yi."

Na ce an yi, kuma ban taɓa ganin irinsa ba. Ya ce in ba shi, kada in rage komai. Na ba shi tun daga kamun ƙafa, yadda gajeren nan ya sa kafaɗa, yadda ya miƙe, yadda ƙafafun dogon suka bar ƙasa. Ina faɗa kafaɗunsa suna motsi, har ya kai hannu ya damƙi gwiwata ya kusa ɓalla ta. Da na kai wurin faɗuwar sai ya yi dariya, ta gaske, har da tari.

Ya ce, "Ka gani? Da haka kah hwaɗi tun hwarko, da kowa ya samu nashi. Tashi tada moto."

Ko kasuwar bai shiga ba. Na goya shi a babur muka ƙetara, hannuwansa a ƙuguna, har muka shiga Ƙwanni. A ƙofar gidan alƙalin na tsaya, na kama shi ya sauka. Na ce bari in shiga tare da shi, ai ni na jawo.

Ya ce, "Kai tsaya nan. Ni nak kore shi, ni ka ba shi haƙuri. Kai in kana da abin hwaɗi, inda kaɓ ɓata can za ka gyara. Kana da minti ukunka."

Ya lalubi bango da sandarsa ya yi sallama. Na ji muryar mutumin daga ciki ya ce "Baba", da ƙarar takalmi yana tahowa da sauri. Na koma jikin babur na tsaya cikin rana, ban nemi inuwa ba.

A shiri na gaba na gyara. Na ce gwiwa ta taɓa kafin usur, alƙali ya yi daidai, kayen da ya biyo baya kuma ya cancanci a daɗe ana labarinsa. Mai gabatarwa ya yi gyaran murya ya ce to, wannan ra'ayin wakilinmu ne, ya wuce zuwa ƙwallo. Wasu a unguwa sun yi makonni suna amsa gaisuwata da hanci. Mahaucin kuwa har yau ɗan sefa yake ce mini, amma bai rage mini tsoka ba.

Kawu ya yi 'yan shekaru bayan nan. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, bai fasa tsokanata ba, furar Inna kuma bai fasa zuwa sha ba. Na ɗauka komai ya koma yadda yake. Sai a zaman makokinsa wani tsoho daga majalisarsu ya matso kusa da ni yana yi mini ta'aziyya. Ya ce har makon da Kawu ya kwanta ciwo, in muryata ta fito sai ya sa kowa ya yi shiru, kuma yana murmushi har in gama. Na tambaye shi, to in gardama ta tashi fa?

Tsohon ya yi kamar ba ya son faɗa. Ya ce, "Mukan ce mai, to mi ɗanka yac ce? Sai ya ce, ku tambayi wanda yag gani, ni makaho na."