Na-Taga da Sandarsa ta Auna Ƙofa

Tun da aka liƙa takardar ritayar Na-Taga a allon tashar jirgin ƙasa, tsohuwar maganar nan ta sake tasowa. Wai a ƙuruciyarsa direba ne, wai ya kaɗe wata mata da mota ya bar ta a keken guragu, wai duk hidimar da ya yi wa masu keke shekara talatin da ɗaya wankin laifi ce kawai. Mai shayin bakin ƙofa ta ce daga bakin mai shara ta ji. Mai shara ya ce ai kowa ya sani. Ni kuwa na tsufa da jin "kowa ya sani", kuma sau da yawa in na bi diddigi sai in tarar ba wanda ya san komai. Ranar Alhamis zai ajiye aiki. In har da wannan sunan zai tafi gida, na ga gara wani ya tambaya kafin Alhamis ɗin.

Ga wanda bai san shi ba: dogo ne siriri, mai tabarau ɗaure da zare, yana zaune a taga ta uku wadda aka rubuta "Tambaya" a samanta. Bakwai saura kwata yake isowa. Ya goge gilashin tagar da hannun riga, ya saita agogonsa da babban agogon tasha, ko da yake ya san na tashar ne ke latti, sannan ya jera littattafansa a kan kanta. Littattafan rubutu ne irin na 'yan makaranta, masu shuɗin bango, guda goma sha bakwai, kowane gari da nasa. A bayan kujerarsa kuma akwai sanda a jingine.

Sandar ba ta dogarawa ba ce. Ya yanke ta daidai faɗin keken guragu, ya ƙara yatsu huɗu saboda hannun mai keken in yana murza taya. Ranar hutunsa sai ya shiga jirgi, ya sauka a wani gari, ya bi masaukai da asibitoci da gidajen tarihi da zaurukan taro, yana gitta sandar a kowace ƙofa. In ta wuce ya rubuta, in ta maƙale ya rubuta. Yana ƙirga matakala, har da 'yar ƙaramar nan ta bakin ƙofa da mu masu ƙafa muke tsallakewa ba mu san mun tsallake ba. Yana duba ban-ɗaki ya ga ta ina ƙofar ke buɗewa, don in ta ciki ce, keke zai shiga amma ƙofa ba za ta rufu ba, kuma wannan wulaƙanci ne da ba mai rubuta shi a takardar talla.

An kore shi ba sau ɗaya ba. Wani mai masauki ya ɗauka jami'in duba gine-gine ne, ya kawo masa lemo mai sanyi. Da ya gane ba shi ba ne, sai ya ɗauke lemon.

Na fara binciken da wani tela da ke zuwa tashar a kekensa tun ana sayar da tikitin kwali ana huda shi da almakashi. Bai san zancen mota ba. Abin da ya sani shi ne ya shekara ashirin yana jin labarin teku a bakin masu kawo ɗinki, bai taɓa ganinsa ba. Na-Taga ne ya gaya masa tarago na nawa zai shiga, ya ce ya sauka ta ƙofar baya don ta gaba akwai rata tsakaninta da dandamali, ya ce lif ɗin can yana aiki amma makullin yana hannun mai gadi, mai gadin kuma daga ƙarfe ɗaya zuwa biyu ba ya nan. Har ya gaya masa inda siminti ya ƙare yashi ya fara. Telan ya ce da ya isa wurin sai ya ji kamar unguwarsu ya shiga.

Wata lauya mai keke kuwa faɗa suka yi da Na-Taga. Ta nuna masa hoton wani masauki a wayarta, ga alamar keke, ga gangaren siminti a bakin ƙofa. Ya buɗe littafi ya ce gangaren yana nan, amma tsayuwarsa ta fi ƙarfin hannu, sai dai a hau shi da igiya. Ta ce tsohon zance ne, ta tafi. Bayan mako guda ta dawo da gwiwar hannu a ɗaure.

"Baba, ka yi gaskiya," in ji ta.

"Da kin ƙaryata ni da na fi murna, 'yata," ya ce. "Sai in gyara littafi."

Ƙanwata ma tana cikin masu ba da shaida. Bayan shanyewar ɓarin jiki ta yi shekara uku ba ta wuce ƙofar gida ba, mu kuma muna ta cewa ta yi haƙuri, tafiya ta yi mata nisa yanzu. Mun ɗauka tausayi ne. Na-Taga bai ce mata ta yi haƙuri ba. Ya tambayi faɗin kekenta, ya tambayi ko tana iya tsayuwa na ɗan lokaci, ya rubuta mata shafi guda, ta je ta ga jikokinta.

Kai ne, Na-Taga, wanda bai taɓa ce wa mai keke "ba matsala" ba. Kai ne mai cewa matakala uku in uku ce, mai cewa "ban sani ba, ki ba ni zuwa Asabar" in ba ka je da kanka ba. Tashar da na sani ta tafi: an cire bencinan katako masu santsin zama, lasifikar da ba a gane abin da take faɗa ta yi shiru, mai sayar da jarida ya rufe rumfarsa. Kai kaɗai ka rage inda muka bar ka, kuma daga Juma'a wai na'ura za a kafa a gurbinka. Shugaban tasha ya ce mini komai yana cikin waya yanzu. Na duba. Wayar ta ce babban ɗakin karatun wani gari yana da lif. Littafinka ma ya ce yana da lif, ya ƙara da cewa sai an hau matakala biyar kafin a kai gare shi.

Daga nan na je gidansa. Matarsa ta shimfiɗa mini darduma a falo, ta saurari zancen har ƙarshe, sannan ta yi dariya har da share ido.

"Direba? Mutumin da ko keken hawa bai iya ba? Yaya, a ƙafa ya zo neman aurena, a ƙafa ya koma."

Ta ce shekarun farko ta sha fushi, don ranar hutun da sauran maza ke gyara rufi, nata yana can yana auna ƙofar mutane. Da ta gaji da jira sai ta fara bin sa. A nan ne suka gane rabin aikinsa ya rage ba a yi ba, domin shi ba ya shiga ban-ɗakin mata. Ta ɗauko littafi ɗaya ta nuna mini: duk inda aka zo ɓangaren mata, rubutun yakan canza ya zama ƙanana masu kwanciya. Nata ne. Da na tashi tafiya ta raka ni ƙofa, ta rage murya ta ce amma lallai akwai wata mata a cikin zancen, kuma ba ita ce za ta ba ni labarin ba.

Godiyata dai ba ta jira wannan amsar ba. Na gode, Na-Taga, kai da mai ƙananan haruffa, a madadin ƙanwata da telan da duk wanda ya fita gida saboda shafi guda na rubutunku. Allah ya ba ku hutu mai daɗi. Ku kuma masu karatu, masu shago da masu masauki da masu aikin ofis, ba sai kun shiga jirgi ba. Ku sami sanda, ku gitta ta a ƙofarku, ku ƙirga matakalarku da ido a buɗe, in an tambaye ku ku faɗi abin da kuka gani.

Ranar Laraba na je taga ta uku, na jira layi ya ƙare, na faɗa masa abin da ake faɗa. Ya cire tabarau ya goge, ya ce ya daɗe da ji.

Ya ce shi bai taɓa riƙe sitiyari ba. A watansa na uku a tagar wata dattijuwa ta zo a keke, wanda take kansa tun tana yarinya, ta tambaye shi ko zauren da za a yaye 'yarta daga jami'a yana da matakala. Ya taɓa shiga zauren sau ɗaya, bai tuna ya hau komai ba. Ya ce mata babu, ta tafi hankalinta kwance. Ta yi tafiyar yini guda ita kaɗai, ta isa an riga an shiga an rufe ƙofa, ba mai ɗaga ta ya hau da ita, ta ji sunan 'yarta ta lasifika daga waje. Da ta dawo ta biyo ta tagarsa.

"Ɗana," ta ce, "matakala goma sha ɗaya ce."