Zubin Tukunyar Malam a Dogo

Bayan Sallar Layya ne, shekarar da ruwa ya ci katangarmu ta gabas, tukunyar Malam ta tsage. Ita ce ta ƙarshe da shi maigidan nawa ya zuba kafin rasuwarsa. Ni kuwa ba na cin tuwon tukunyar kasuwa. Aka ce Sanda, yaronsa na maƙera a da, yana Dogo.

Mun bar Zinder da asuba, tukunya bisa cinyata, direba na neman ta biya kuɗin kujera. Gudron, wato kwalta, duk ramu. Kowa a motar da wayarsa yake hira, ni da tagar mota. Rake ya yi araha a hanya, sai dai haƙoran sha sun tafi.

Na tarar da Sanda ya tsufa.

"Inna, ke ce? Ai yanzu yara ke zubi."

Na ɗauki guntun wata tukunya da 'ya'yansa suka zuba na duba. Cikin dalmar ƙwaya manya-manya, sai ka ce tsakin dawa. Irin wannan ba ta jure wuta. Ta Malam in ka karya, gari ce lilis.

Suka narka tukunyata da ƴan gwangwanaye, ina kallo har hannuwanta suka nutse. Babbansu zai zuba nan take, na ce, "Kai, dakata! Bar ta ta huce kaɗan." Malam ba ya zubawa da zafin farko, kuma in ya zuba, sai ya yi ta ƙwanƙwasa akwatin yashin da ake zubin a ciki har dalma ta daskare, kada ƙwaya ta samu sukunin girma.

"Bugun ne ya ɓace mini, Inna," in ji Sanda.

Ni bai ɓace mini ba. Tun ina amarya nake jin sa ta bayan zana. Suna zubawa na karɓi itace na buga, sannu-sannu, ba tsayawa. Yaran na dariya, Sanda na share ido.

Da ta huce aka karya bakin zubin, ragowar dalmar da ta tsaya a mazubi. Gari lilis.

Na dawo da la'asar, na ɗora ta, na tuƙa tuwon mutum ɗaya a tukunyar gida guda. Abin da na koyo, sana'a kan riga mai ita shiga ƙasa in ba a tashi an bi ta ba. Cikin waɗanda suka ji bugun nan daga hannun Malam, saura Sanda, da maƙwabciyarmu Hajiya Kubura da ta kurumce, sai ni.