Shekarar da Gurup Ya Yi Shiru a Garkarmu

Babanmu yana da garkar albasa a bayan ƙauyenmu, tsakanin Konni da Malbaza, da rijiyar burtsatse a cikinta. Abin da ke jawo ruwan wani tsohon gurup ne, injin wuta mai shan gazuwal, wato man dizal, ga hayaƙi ga tari kamar mashayin taba. Ni dai ban taɓa ƙaunarsa ba, don in na kai wa Baba fura sai in dawo zanena yana warin mai.

Kowace shekara bayan girbi, wani makiyayi da muke kira Baffa yakan sauka da iyalinsa a gonar geronmu, can bayan tudu. Shanunsa su ci kara su bar mana taki, mu kuma mu ba su ruwa. Ba wanda ya taɓa zama ya tsara wannan. Da hantsi, in Baffa ya ji gurup ya tashi, ya san an cika kwamin shan dabbobi, sai ya koro shanu. In bai ji ba, ba zai zo ba. Mutum ne mai kunya ta fitar hankali, ko ƙishirwa za ta kashe shi ba zai buɗe baki ya roƙa ba.

Shekarar da gazuwal ya yi tsada har Baba ya fara maganar rage shuka, yayana da ke aiki a Malbaza ya kawo pano, allunan nan masu kama hasken rana, aka jera su a kan ƙarafa. Aka haɗa yadda rana za ta ja ruwa duk wuni, gurup kuwa sai in sama ta lumshe. To da rani ina gajimare? Gurup ya kwanta, na yi murna ƙwarai. Yaya kuwa sai hura hanci yake, duk baƙon da ya zo sai ya ja shi ya ga ruwa na zuba ba hayaƙi.

Su Baffa sun sauka kamar kullum, amma shanu ba su zo ba. Baba yakan cika kwami ya bari, ya ɗauka ko sun sami tafki kusa da su. Lokacin dashe ne, kan kowa ya ɗau zafi. Ba mu farga ba sai da wata mai itace ta gaya wa innarmu cewa su Baffa suna ɗaure kaya, kuma kullum wani ruwa mai nisa suke kai shanu, har maraƙi ya faɗi a hanya bai tashi ba.

Baba ya ajiye fartanya ya nufi bayan tudu. Na bi shi, don ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Aboki, mi na yi maka?" in ji Baba.

Baffa ya sunkuyar da kai yana zana ƙasa da sanda. "Ba komi, maigida. Mun ji injin ya yi shiru, munka ce ko an gaji da mu. Mai ya yi tsada, mun sani. Ba mu ga laihinka ba."

Maganar nan ta ƙarshe ita ta fi ci wa Baba rai. Ya kama hannunsa, ya ja shi har garka, ya nuna masa kwami cike fal. Baffa ya tsoma hannu a ruwan, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon allunan. Wallahi sai da na ji ƙwalla, don tausayin su duka biyun. Amma Baffa ya riga ya yi wa wani manomi na wajen Illela alkawarin sauka a gonarsa, kuma shi ba ya magana biyu. Washegari suka tashi.

Da shekara ta zagayo, ana gama kwashe gero Baba ya koma tada gurup kowace hantsi na ɗan lokaci, alhali ruwa na ta zuba da kansa. Yaya ya zo hutu ya tarar da haka, ya hau faɗa.

"Baba, wagga ɓarnar mai ta mi ce? Ga rana kyauta!"

"Ba ruwa nike ja da shi ba," in ji Baba, ya ci gaba da aikinsa.

Haka ya dinga yi, gonar bayan tudu kuwa ba kowa. Innarmu ta ce a ƙyale shi, ni ma na daina ƙorafin hayaƙi. Wata hantsi, albasa ta fara sa kai, muka ji kukan shanu daga bayan tudu. Baba ya miƙe yana share hannu da riga, kuma bai kashe gurup ba sai da saniyar ƙarshe ta ɗago kai daga ruwa.