Kwalbar Da Na Ɓoye Cikin Kayan Zoɓon Matata

Edita, ina yi maka sallama. Shekara biyu da suka wuce ni mutumin kirki ne a idon ƙauyenmu. Ina sayen gero da wake a kasuwannin Tsanyawa da Kunci ina kai wa wani Alhaji a Dawanau, mahaifina kuma shi ne ladanin masallacinmu, saboda haka ko tari na yi sai an ce ɗan ladan ya yi tari. Abin da ba wanda ya sani shi ne tun ina saurayi nake shan taba a ɓoye, kullum aljihuna da kanumfari don kashe wari. A Dawanau wani direba ya nuna mini shishar nan ta aljihu, mai caji, wadda ake ɗura wa ruwa. Ya rantse mini ba ta da illa, ba ta da wari, tururi ne kawai mai ƙamshin abarba. Ni kuma sakarai na karɓa hannu biyu.

Ruwan da ake ɗura mata a wata 'yar kwalba yake zuwa, tsawonta bai kai yatsa ba. Hoton abarba ne a jikinta, sai wasu ƙananan rubutu da ko gilashi ka sa ba za ka karanta ba. Babu alamar haɗari, babu lambar hukuma, murfinta kuwa ɗan yaye ma zai murɗe shi. Matata sana'arta zoɓo, kuma duk mai biki ko suna a yankinmu wurinta yake aikowa. Tana da kwanon da take tara kwalaben filebo, wato ƙamshin da ake ɗigawa a zoɓo, kuma wallahi kamarsu ɗaya da tawa. Sai dabara ta faɗo mini, irin dabarar marasa tsoron Allah: idan na ajiye kwalbata a aljihu za a gani wajen wanki, idan na sa a ƙarƙashin katifa za a yi tambaya, amma idan na jefa ta cikin kwanon nan wa zai kula? Na jefa, har ina yaba wa kaina wayo.

Damina ta yi nisa, mahaifina ya kira gayyar maimai a gonarsa. Maza wajen ashirin suka fito da garemani, ciki har da Baffa, ƙanen mahaifina, dattijo mai hawan jini wanda ba ya jin magana idan aka ce ya zauna. Matata ta dama fura, ta haɗa zoɓo cike da babbar roba, ta zuba citta yadda ta saba. Da rana ta take aka zauna gindin ɗorawa aka sha. Ni ban sha ba, na tafi ɗauko gatari a gida. Kafin in dawo gona ta hargitse. Wannan yana amai, wancan ya dafe kai yana cewa ƙasa na juyawa, gumi na zuba kamar an watsa musu ruwa, Baffa kuwa yana kwance idonsa ya kakkafe. Na sunkuya kan robar, ƙamshin abarbar nan da na fi kowa sani ya daki hancina. Nan take na gane kwalbata ce aka juye a ciki.

Muka sa Baffa a mota sai asibiti. Likita ya tambaye mu har sau uku ko akwai wanda ya san abin da aka sa a zoɓon, ya ce sanin zai taimaka masa ƙwarai. Ina tsaye, mahaifina na gefena, na yi gum. Tir da ni! Na auna ran Baffa da sunan ɗan ladan, na zaɓi sunan. Allah ne kawai ya yi da sauran kwanansa, ya farfaɗo bayan kwana huɗu.

Kafin mu dawo gari ya riga ya yanke hukunci. Wasu suka ce asiri ta zuba don ta mallake gidan, wasu suka ce guba ce ta nufi Baffa da ita saboda wata tsohuwar rigimar iyakar gona tsakaninsa da mahaifinta. Aka tara dattawa a zaure, aka kira ta, tana durƙushe tana kuka tana rantsuwa cewa ba ta sa komai ba sai abin da ta saba sawa. Aka tambaye ta inda ta sayi kayan haɗin, ta lissafa komai, ban da kwalba ɗaya. Ta ɗago ta kalle ni sau ɗaya, ni kuwa na sunkuyar da kai ina wasa da carbi. Washegari yayanta ya zo ya tafi da ita gidansu. Kwana tara na yi ina shiga masallaci sahun gaba, ina jin ana zaginta a majalisa, ban ce uffan ba.

A rana ta goma na kasa. Na ɗauki shishar da kwalbar da ta zama fanko na kai wa likitan, na faɗa masa komai. Ya ce ruwan cike yake da sinadarin taba mai ƙarfi, wanda idan aka haɗiye shi guba ne, kuma da ƙaramin yaro ne ya kwankwaɗi kwalbar da wuya a kawo shi da rai. Ya ce a ƙasashen da ake sa ido kan wannan kaya dole murfin ya zama wanda yaro ba zai iya buɗewa ba, dole a rubuta gargaɗi ƙarara, kuma akwai iyakar ƙarfin da ba a wucewa. Na fita raina na tafasa, na nufi wurin mai teburin da nake sayen ruwan a hannunsa. Ko a jikinsa. Ya ce akwai masu murfi mai ƙarfi da gargaɗi, amma sun yi tsada, masu kuɗin birni ke saye, mutanen ƙauye kuwa mai araha suke nema, kuma tun da ya fara sayarwa ba wanda ya taɓa zuwa ya duba kayansa. Haba jama'a! Wato ran ɗan ƙauye ne bai kai a sa masa murfi ba? Buhun wake idan ya yi ƙwari ana dawo mana da shi daga Dawanau, amma guba mai hoton abarba tana yawo kasuwa-kasuwa ba mai cewa tsaya. Ina masu alhakin dubawa suke? Idan ba za su hana ba, ko rubutun Hausa da ajami ba za su tilasta a sa ba, don matar da ba ta yi boko ba ta san abin da ta riƙe?

Amma duk fushina a kansu bai kai wanda nake yi da kaina ba. Na faɗi gaskiya a zauren da aka tsare ta, gaban mutanen da suka tsare ta. Mahaifina bai yi mini magana ba har aka yi girbi. Da na je biko, ta gaya mini abin da har yau yake hana ni cin abinci da daɗi. Ta ce da ta ga baƙuwar kwalba a kwanonta ta ɗauka tsaraba na kawo mata don sana'arta na ƙi faɗa, har ta ji daɗi, ta adana ta sai ranar gayyar surukinta don ta fitar da ni kunya. Ta ce tun a zauren ta gane daga hannuna abin ya fito, ta yi shiru don ta rufa mini asiri, tana jiran in buɗe baki. Ta ce kwalbar ta yafe, kuskure ne, amma kwana taran nan ba ta san yadda za ta yi da su ba.

Na daina shan komai, sai dai dainawar ba ta mayar da ita ɗakinta ba, ba ta kuma mayar mata da masu sayen zoɓonta ba, don har yanzu akwai matan da ke janye 'ya'yansu idan ta miƙo kofi. Abin da na koya shi ne kayan da ba a rubuta haɗarinsa ba ya fi cutar da wanda bai saye shi ba. Ku masu zuƙar wannan abu, idan ba za ku bari ba, kada ku sayi kwalbar da ba gargaɗi ba lamba, kada ku ajiye ta inda mace ko yaro zai kai hannu, kuma ku gaya wa mutanen gidanku ko mece ce, ko da za a zage ku. Idan kuma tsautsayi ya faɗa, ku yi magana a ranar, a gaban likita. Ranar Juma'a zan sake komawa biko karo na biyar, kuma ba ni da wata kalma da ta rage wadda ban riga na faɗa mata ba.