Injin Haya da Mutuminsa

Shekarun da na yi ina hayar injin yanka itace a Dutse, kullum cikin haushi nake. Mai injin ba ya ba da shi haka kawai, dole ka tafi da mutuminsa, wani dattijo ɗan Jahun da nake kira Baba. Ga shi da nawa! Ko rana ta take, Baba ba zai ta da inji ba sai mun zauna a gindin bishiyar da za mu kayar mun sha fura.

"Yau ce inuwarta ta ƙarshe," haka yake cewa. "Mu sha ta tukuna."

Ni kuwa sai duban rana nake ina tsaki, don hayar yini ce.

Da Allah ya hore mini na sayi nawa, sai na ce na huta. Yanzu ba na jiran kowa. Da sassafe nake ɗaure shi a bayan babur, in je Kafin Hausa, in kayar da darbejiya kafin azahar. Aiki na tafiya, ba ƙarya. Amma da na kashe inji sai wurin ya yi tsit, ba mai ce mini sannu.

Rannan na zauna gindin wata tsamiya kafin in fara, na dama fura. Na sha, na miƙa ƙwaryar dama da ni yadda na saba. Injina ne kawai a wurin, jingine da saiwa.